Mai Riƙe Wa Kausar Tsani

Mode mahauci ne a Ƙofar Dundaye, mutum mai yawan fargaba. Ko kasuwa 'yarsa Kausar ta tafi, sai ya leƙa ƙofa sau uku kafin ta dawo. Ga shi kuma yarinyar ta rasa sana'ar da za ta koya sai haɗa wutar sola.

Kamfanin da ya ɗauke ta aiki ya zo da tsari: a jera farantan sola a kan rufin gidaje goma sha biyu na layinsu, a ja waya zuwa ɗakin batura, daga nan wuta ta rarrabu gida-gida da shago-shago, har firjin mahauta. A huta da janareto da hayaƙinsa. Kowa ya yi murna, sai da aka zo maganar hawa.

Duk wanda ya hau rufi a unguwar, tsakar gidajen mutane yake gani. Shi ya sa idan namiji zai hau gyaran kwano, sai an bi gida-gida an sanar, mata su shige ɗaki. Wannan na yini ɗaya ne. Aikin sola kuwa sati uku ne, bayansa ga dubawa duk wata. Alhaji Jinaidu, dillalin shanun da Mode ke sayen dabba a wurinsa a kara, wato kasuwar shanu, ya ce ba ƙaton da zai riƙa tsayawa a kan iyalinsa. Gidansa ne a tsakiya, dole waya ta bi ta kansa. Kamfanin ya ce idan ba a daidaita ba zuwa Alhamis, zai kai kayan wata unguwa.

"Baba, mu za mu hau," in ji Kausar. "Ni da Na'ima da Muhsina, tare munka yi karatu."

Mode ya kasa cin tuwo. Yana tsoron ta faɗo, yana tsoron bakin mutane, bai san wanda ya fi ba. Amma ya tuna shekara biyun da ta yi tana fita da akwatin kayan aiki cikin ranar Sakkwato.

Ranar Alhamis da hantsi ya fito da tsani da kansa, ya jingina a bango. Bai gama gyara masa zama ba sai ga Alhaji Jinaidu, mutane biye da shi.

"Mode, mi nike gani? Ɗiya mace bisa kwano?"

"Alhaji, kai kac ce namiji ba ya hawa. Wagga namiji ta?"

Wani ya yi dariya, ya mayar da ita tari.

"In tah hau, kak ka sake zowa kara wurina. Ka nemi mai ba ka sa."

Shekara ashirin Mode ba shi da wani dillali. Ya dubi Kausar, ta ɗaure hijabinta a ƙugu, ta sa hular kwano da igiyar kariya, ƙafarta ɗaya a kan matakin farko. Shi take jira.

"Alhaji, shanu naka na, ka ba wanda kaka so. Ɗiya tawa ta." Ya damƙe tsanin da hannu biyu. "Hau, Kausar. Ki taka inda ƙusa take."

Ta hau, abokan aikinta suka bi ta. Kowane mataki sai ya ji a ƙirjinsa.

Can sai ga murya daga tsakar gidan Alhaji. Hajiya Dije ce, matarsa, kuma duk layin ya ji ta.

"Kausar, ke ta? To ku hwara ta nan, zahin ga ya ishe mu. In kun gaji ga hura nan."

Alhaji Jinaidu ya kaɗa babbar riga ya wuce, bai janye maganar shanu ba, bai kuma ce a sauko ba.

"Baba, saki tsanin, mun kai," Kausar ta faɗa daga sama.

"Yi aikinki," ya ce.

Gumi na shiga masa ido, gobe bai san inda zai samo sa ba. Yana nan riƙe da tsanin har aka ɗaure faranti na farko.