Ramin Bangon Kicin

Tun kafin ta sauke injin huda bango daga kafaɗa shugaban magina ya gindaya mata sharaɗi. Rami goma sha huɗu za a huda a ginin, kowanne faɗin faranti, don bututun hayaƙi. Za ta fara da bangon kicin, wanda aka riga aka manna wa tayil ta ciki. In tayil ɗaya ya tsage, ta kwashe kayanta.

"Ni fa babanki na kira."

"Hannunsa na ɗaure, Kawu. Injin nan ne ya murɗe shi."

"Shi ne ya turo mana 'yar makaranta? To, bismilla."

Ta waje ta fara. Ta zura siririn ƙarfe ya huda bangon har ciki, sannan ta ɗaura babban bakin, mai kama da gwangwani mai haƙora. Ruwa na tsiyaya, injin na gurnani, ƙugunta na tokare da shi.

Tana tsakiyar bango haƙoran suka ciji rodi. Injin ya fizge, wuyan hannunta ya amsa har cikin kai. Leburori suka juyo suna kallonta. Ta haɗiye ihun, ta rage gudu, ta ci ƙarfen a hankali, gumi na shiga idonta.

Saura yatsa biyu ta fasa, sai ta kashe injin.

"Tura mana! Ko kin gaji ne, Injiniya?" in ji shugaban magina.

"In na tura daga nan, da tayil ɗinka zai fita."

Ta ɗauki injin ta zagaya ciki. Mai manna tayil na tsaye, hannu a ka.

"Ƙanwata, kwana uku na yi a bangon nan."

"Matsa, Yaya, kana tare min haske."

Ta saita bakin a kan 'yar hudar da ta yi da farko. Hannun ya kumbura, sai ta danne shi da ɗayan. Haƙoran suka shiga tayil da ƙara mai tsinka zuciya. Can dunƙulen bulo ya saki, hasken rana ya faɗo cikin kicin.

Shugaban magina ya zagaya bakin ramin da yatsa, sau biyu, yana neman tsaga. Bai samu ba.

"Na biyu yana sama," ya ce, bai dube ta ba.

Ta ja hannun riga ta rufe kumburin.

"A kawo min tsani."