Hardin Uzairu

"Sake cusa shi, Hala," in ji Huda, 'yar maƙwabciyata, wadda ke ce mini Hala, wato inna. "Wataƙila bai zauna ba."

Na zare wayar hardin, na cusa ta a ɗaya ramin kwamfutar. 'Yar fitilar ta kama, na ji abin yana gurnani a tafin hannuna, amma allon bai nuna komai ba. An riga an gwada kwamfutar makaranta da ta mai kantin magani, duk shiru. Hardin Uzairu ne, ɗan baƙin akwatin da ya tara hotunansa da bidiyo kafin ramin zinariya ya rufta da shi a arewacin Sudan. Uwarsa Hadizatu, maƙwabciyata tun muna amare a Mai Wurno, tana kwance a bayanmu. Abu ɗaya take ta nanatawa tun da ciwon ya kayar da ita: tana so ta ji muryarsa ta ranar bikin Huda, inda yake tsokanar uwar da Hausa.

Na kai bakin hardin wajen haske, na ga ya yi kore.

"Ina kuke ajiye shi?"

"Ƙarƙashin randa," in ji Hadizatu a hankali. "An ce zafi ka kashe su. Duk gidanga ina ya fi nan sanyi?"

"Randar da ke ɗiga dare da rana?"

"Ai na naɗe shi da tsumma, Ustaza."

Na goge bakin da tsohon buroshin haƙori, na aro wata waya, bai ce uffan ba. Barakatu, wadda ba a ciwo a unguwar ba ita, ta ce a binne shi cikin shinkafa. Na tambaye ta ko a sa albasa. Ba ta yi dariya ba. Ta ja ni bakin ƙofa.

"Kar ki yi nisa yau. Ƙafafunta sun yi sanyi."

Haka ta faɗa da azumi. Haka ta faɗa da Layya, washegari kuwa Hadizatu ta tashi ta ci kisra da miyar kuɓewa har da ƙari. Na gyara tob ɗina, mayafin da muke fita da shi.

"Zauna mana mu yi hira," in ji Hadizatu. "Bar abin nan."

"Sinnar ce kawai, wajen mai gyara. Kafin la'asar na dawo, ki ji shi yana ce miki tsohuwa."

"Ke dai ba ki jin magana," ta ce, tana murmushi.

Motar ba ta cika da wuri ba. A kasuwar Sinnar mai gyara ya kwance sukurori, ya zaro faifan, ya hura, ya sa shi a sabon gida.

"Cikin lafiya lau yake, Hajja. Bakin ne ya ci tsatsa. A kogi kuka wanke shi?"

Ya danna, sai ga Uzairu da farin rawani yana nuna uwarsa: "Ku dubi tsohuwa, ta fi amarya kwalliya!" Na sa ya maimaita. Na fito ina tafiya kamar yarinya. Wayata ta mutu tun da hantsi, don kahraba, wutar lantarki, ta kwana biyu ba ta leƙo mu ba, ban kuma damu ba. Har na tsaya na zaɓi lemo mai kyau. A mota ina ta shirya abin da zan faɗa wa Barakatu game da shinkafa.

Tun daga bakin lungu na ga rumfa. Maza cikin fararen jallabiyoyi suna shigowa daga hanyar maƙabarta, ƙafafunsu duk ƙasa, suna ɗaga hannu suna Fatiha.

Tsakar gida cike da mata. Barakatu ta dube ni, ta matsa, ta ba ni wuri a tabarma. Da ta zage ni da ya fi mini. Huda ta zo ta durƙusa, idanunta jajir.

"Da azahar ne, Hala. Barakatu ce ta ɗiga mata ruwa."

"Ta tambayi hardin?"

"A'a. Cewa ta yi, Sara ta dawo?"

Rabon da Hadizatu ta kira ni da sunana tun kafin in fara koyarwa.

Huda ta kalli jakata. "Ya yi?"

"Ya yi."

Ta gyaɗa kai, ta tashi ta tarbi wasu masu gaisuwa. Na ja ledar lemon na rufe ta da gefen tob ɗina. Samari biyu suka shigo da angarib, gadon igiyar da aka ɗauke ta a kai, suka jingina shi da katangar da ta raba gidajenmu. Wata akuya ta zo ta kwanta a inuwarsa.