Ranar da Aka Datse Sabis

Ranar da malaman wata jami'a ta Japan za su gwada Naja'atu ta waya, aka wayi gari an datse sabis a Zamfara kaf. Gurbin karatu ɗaya ne tak, na binciken ƙananan ƙwayoyin zarra masu yawan nutron, waɗanda cibiyarsu kan riƙe ƙarfi na ɗan lokaci kafin ta sake shi. A kansu ta ƙarar da idonta a Zariya.

"Inna, in ban yi magana da su yau ba, wani za su ba."

"Ke ɗiyar ga, mi za ki samu ga abin da ido bai gani? Ɓarayi na bisa hanya!"

Duk da haka ta hau bayan babur ɗin yayanta Hafizu, suka bar Adabka neman sabis. Kowane tudu sai sun tsaya ta ɗaga waya sama. Sai da suka shiga ƙasar Kabi, bayan la'asar, wayar ta yi ƙara. Saƙo ne cike da ladabi: sun jira ta, sun ɗauki wani.

Hafizu ya leƙa tankin mai, ya ga ya ƙare, ya ja tsaki. "To Malama, ƙwayoyin naki sun san yadda za mu koma gida?"

Ta kama bayan babur ɗin, suka soma turawa.