Ranar da Aka Yanka Tsatsa

Zakaran Bawah sunansa Tsatsa, don launinsa sak na ƙarfen da ya sha damina a bayan gareji. Bawah mai walda ne a unguwar Suame, amma walda ta neman tuwo ce kawai. Zuciyarsa tana bayan ɗakinsa a Ayigya Zango, inda ya kewaye fili da waya da tsofaffin kwanon rufi. Akwai salwa a ciki, waɗanda matarsa Nasira ke sayar wa ɗaliban jami'a ƙwansu, akwai kajin gida na cefane, sannan akwai kajin faɗa, su kuwa ko kai ka haife shi ba zai sayar maka da ƙwai ɗaya ba.

Irin ya samo shi ne tun yana saurayi a hannun wani direban Bawku, ya yi ta riƙonsa yana tacewa. Bara ciwon kaji ya shigo unguwa ya share masa akurki. Zakarun faɗa duk suka mutu sai Tsatsa, sai kuma 'yan kaji mata da ba su kai ga yin ƙwai ba. Kenan irin gaba ɗaya ya rataya a kan zakara guda.

Da kajin suka isa, Nasira ta ce masa ya saki Tsatsa a cikinsu a samu ƙwai a kwantar, sannan ya je ya yi duk haukan da zai yi. Bawah ya ƙi. Masu wannan harka sun riƙe cewa zakaran da ya hau kaza ya zubar da ƙarfin ƙafarsa, shi ya sa suke tsare shi kamar mai azumi har sai ya gama karawa. Ga kuma Shakiru, mai shagon taya a unguwar Alabar, yana ta yawo da baki cewa Bawah kajin miya ne suka rage masa. Bawah ya ce wa matarsa karo ɗaya ne da zakaran Shakiru, daga nan Tsatsa ya yi aure.

Yanzu sai na faɗa muku yadda muke yi a Zango, don wanda bai san wannan ba ba zai gane abin da ya faru ba. Malamai sun hana faɗan zakaru, sun yi wa'azi har sun gaji. To amma mutanenmu ko a cikin ɓarna ba su yarda nama ya zama mushe. Saboda haka duk inda aka haɗa zakaru, akwai mai tsayawa da wuƙa a gefe. In zakara ya faɗi, kansa ya taɓa ƙasa, ƙafafu suka miƙe, sai ya shiga ya yi bisimilla ya yanka kafin rai ya fita. Ba a tambayar mai zakara, don in aka tsaya tambayarsa gardama zai yi har zakaran ya sandare. Mai wuƙar a wurinmu Baba Amidu ne, tsohon mahauci da ya bar kwata saboda ciwon baya. Ana yabonsa cewa bai taɓa yanka mai sauran kwana ba. Ni dai na san yankakken zakara bai taɓa zuwa ya ba da shaida ba.

Shi kuwa Tsatsa yana da wata ɗabi'a da Bawah ya gano a bayan gida. In faɗa ya yi zafi sai ya zube kamar matacce, ya bari abokin karawa ya hau kansa, sannan ya yunƙuro daga ƙasa da ƙafa biyu ya soki maƙogwaro. Bawah ya ɓoye wannan don kada labari ya kai Alabar. Ya ɓoye wa abokansa, ya ɓoye wa maƙwabta, kuma bai tuna cewa akwai mutum ɗaya da ya kamata ya raɗa wa ba.

Ranar Lahadi bayan la'asar aka haɗu a wani fili da ake jibge matattun trotro, wato bas-bas ɗin haya. Ina wurin, a kan wata tsohuwar taya. Shakiru ya zo da farin zakara mai dogon wuya, da samarin Alabar a bayansa. Ya dubi Tsatsa ya tambayi Bawah ko ya taho da tattasai da albasa, don kada a wahalar da madam da zuwa kasuwa. Bawah ya fesa wa zakaransa ruwa da baki a ƙarƙashin fiffike ya ajiye shi.

Zakarun ba su tsaya kallon juna ba. Karon farko a sama suka yi shi, gashi ya tashi, farin ya sauko da jini a ƙirji. Tsatsa ya kama masa tukku ya girgiza har ya yage, farin ya rama a ido, ya tsaga masa fatar gefen kai. Ƙasa ta jiƙe. Duk wanda ke layin gaba sai da ya samu ɗigon jini a wando. Suka yi ta yi har numfashinsu ya fara fita da ƙara, baki a buɗe, fiffike yana jan ƙasa. Sai farin ya samu sa'a ya buga Tsatsa a gindin wuya.

Tsatsa ya zube. Kai a ƙasa, ƙafafu a miƙe.

Na kalli Bawah, na ga yana murmushi, na yi mamaki. Farin ya ɗaga ƙafa zai hau. Kafin ya hau, Baba Amidu ya riga ya shiga fili da saurin da ban san yana da shi ba. Ya ture farin da gwiwa, ya take fiffiken Tsatsa, ya juya shi gabas. Bawah yana ƙetare mutane yana cewa Baba tsaya, Baba yana da rai, amma hayaniya ta haɗiye muryarsa. Wuƙar mahauci ba ta zuwa sau biyu.

Da tsohon ya ɗage ƙafarsa, Tsatsa ya yi tsalle sama da wuya a yanke, jini na feshi, ƙafafunsa suka samu farin a fuska suka fasa masa ido ɗaya.

Nan wuri ya rikice. Mutanen Ayigya suka ce ga shi nan, zakara lafiyarsa lau aka yanka, kuma ko a yanke ya ci faɗa. Na Alabar suka ce wace kaza ce ba ta tsalle bayan yanka, har ta gidan suna. Bawah bai shiga gardamar ba. Ya tsaya gaban Baba Amidu, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Baba, nawa Shakiru ya ba ka?"

"Ɗana, na cece maka nama ne. Ka je ka ci halal."

Bawah ya kai masa naushi a baki. Tsohon ya faɗi a kan ƙofar wata matacciyar mota, haƙora biyu a ƙasa, amma bai saki wuƙa ba, mahauci ba ya saki. Bawah ya bi shi ya shaƙe da hannun hagu, ya kai na dama zai ƙwace wuƙar, sai ya damƙi kaifin. Baba Amidu ya ja hannunsa baya, kamar yadda kowa zai ja. Na ji ƙarar da na saba ji a kwata in wuƙa ta bi ta kan jijiya.

Daga nan ba wanda ya san wa ke dukan wa. Wani ya sauke wa Shakiru ƙarfen taya a kafaɗa, ya durƙusa yana riƙe da farinsa. Samarin Alabar suka ɗebi duwatsu da fasassun gilasan mota. Wani ɗan Ayigya ya fita da kunne a tsage yana neman takalminsa. Ni na ja Baba Amidu ta ƙarƙashin trotro, yana tofar da jini yana maimaita cewa kai ya taɓa ƙasa, kowa ya gani, kai ya taɓa ƙasa. Kuma gaskiyarsa, ya taɓa. Sai da aka ce 'yan sanda na tafe sannan fili ya watse.

Muka naɗe hannun Bawah da rigarsa muka sa shi a tasi. Tsatsa yana kan cinyarsa, ya ƙi bari kowa ya karɓa. A asibiti suka ɗinke, amma yatsu uku ba su ƙara lanƙwasawa ba. Dattawan unguwa suka zauna, aka sa shi ya je ya durƙusa ya ba Baba Amidu haƙuri, tunda ko ba komai sa'an ubansa ne. Ya je. Tsohon ya ce ya yafe, ya kuma ce da an gaya masa halin zakaran da bai taɓa shi ba. Bawah ya sunkuyar da kai.

Bayan an kwana biyu Shakiru ya aiko da saƙo, wai don a kashe magana. Ya ce tunda kajin Bawah ba su da miji, zai ba da aron farin mai ido ɗaya ya hau su, in an ƙyanƙyashe a raba 'yan tsaki. Nasira ta ce a karɓa, rabin jini ya fi babu. Ni ma da aka tambaye ni haka na ce.

Bawah ya saurare mu har muka gama. Ya shiga ɗaki ya ɗauko wuƙa, ya ce wa ɗan aiken ya dakata ya ga amsa. Ya fito da kajin faɗan ɗaya bayan ɗaya, yana take su da ƙafa, yana yankawa da hannun hagu, in yankan bai fita da kyau ba sai ya maimaita. Nasira ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Da ya gama ta ƙarshe ya ɗaure su a ƙafa da waya, ya miƙa wa ɗan aiken, ya ce a kai wa Shakiru, a gaya masa halal ne.