Salular da ta ce Habsa ba ta iya tahiya

Ni dai ban taɓa ganin abin haushi irin wanda anka yi ma ƙawata Habsa bana ba. Ko yanzu in na tuna sai in ji raina yana tafasa.

Tare munka tashi da Habsa. Zamanin aikin furoje, shirin nan na gyaran ƙasa, tare munka ɗauki duwatsu a ka, muna jera su a gangare don su tare ruwa. Gonarta tana can bisa tudu bayan gari, kuma har yau da ƙafarta take hawa, da ƙwaryar hura a ka. Ni da na girme ta da wata biyu kacal, sai na huta sau uku nake kaiwa.

To bana sai ga sabon abu a likitar garinmu, wato asibiti. Duk tsohon da ya zo, ko ciwon haƙori ya kawo shi, sai an ɗaura mishi salula, wayar hannu, a ƙugu. Ka zamna bisa kujera, a ce tashi, ka taka zuwa wani layi da anka ja da alli, ka juyo ka zamna. Salular tana ƙirgawa. In ta nuna kore, lafiya lau. Rawaya, a yi hattara. Ja kuwa, wai faɗuwarka ta kusa.

Habsa awon tansiyo ta zo, wato hawan jini. Ranar kuwa Madam Raihanatu da ke duba mata ta tahi ƙauye rigakafi, ba wani ma'aikaci sai Surajo. Surajon nan kuwa shi ke auren Fa'iza, ɗiyar Habsa ta fari. Ɗiyar fari fa, wadda ko sunanta Habsa ba ta kamawa, balle na mijinta!

Ina nan zamne bisa banci, don ni ba na rasa zuwa likita ranar kasuwa, nan ake jin wa ke da ciki. Da idona na gani. Surajo ya miƙo mini salular, ya ce, "Inna Lalla, don Allah ki ɗaura mata." Na ɗaura. Ya juya fuska ga bango, ya ce ma bangon, "A ce ma Inna ta tashi."

Habsa ta tuɓe takalmi. Ta ja mayafi har hanci. Ta taka ɗaya, ta tsaya, ta taka ɗaya, tana rakuɓe jikin bango don kada ta gitta gabanshi. Da ta zo daidai teburinshi sai ta durƙusa ta gaishe shi can cikin maƙoshi, shi ma ya zube ƙasa yana amsawa. Da ta komo, ina ita ina hawa kujera gaban suruki? Ta zamna ƙasa gefen kujerar. Salula ta yi ƙara, ta nuna ja.

Ni dariya na yi har da hawaye, Allah Shi gafarta mini. Ban san abin zai zama magana ba.

Surajo ya rubuta a karne, littafinta na likita, ya je gida ya faɗa ma matarshi. Fa'iza ta rikice, ta aika ma ƙanenta Isaka bokal, saƙon murya, can Abijan. Kwana biyu sai ga amsa, anka kunna ma Habsa a tsakar gida: ranar Asabar mota za ta zo ta kai ta Madawa wajen matarshi, ta zamna ta huta, gona kuma a ba wani ɗan'uwa shi noma. Haka nan kawai! Gonar da ta jera ma duwatsu da hannunta, hatsi ya fara fidda kai.

Na iske ta a ɗaki ta ƙi cin abinci.

Na ce, "Ke Habsa, ki buɗa baki ki faɗa musu mana."

Ta ce, "In ce mi? In kira ɗana in ce kunyar wancan na ji? Da wane bakin?"

"To sai ki tahi Madawa ki zamna kallon tele har ki mutu?"

Ta juya mini baya. Na ce to, ita ke da suruki, ni ba ni da shi.

Ranar Alhamis da safe na dira likita. Na iske Surajo yana jera kwalabe, Madam Raihanatu tana rubutu.

Na ce, "Kai Surajo, nan Adar anka haife ka ko cikin kwalin salula?"

Ya ce, "Ina kwana, Inna. Lafiya?"

"Ba lafiya ba. Kai ka ce Habsa ba ta iya tahiya?"

"Ba ni na ce ba, Inna. Na'ura ce, kuma ba ta ƙarya."

"Na'urar tana da suruki? Kai da kake da ido, ka ga tahiyarta ranar?"

Ya sosa ƙeya. "Ban duba ba."

"Don mi?"

Ya ci gaba da jera kwalabenshi.

Na ce, "Kai ba ka duba ba don kunya, ita ba ta taka ba don kunya, sai kunka bar ma ƙarfe shari'a. Yanzu jibi za a ɗauke tsohuwa daga gonarta. Da ta zo a guje ta haye kujera gabanka, ba kai za ka fara cewa ta haukace ba?"

Madam Raihanatu ta aje biro, ta ce, "Surajo, wai surukarka ka auna da kanka?" Ta kama ciki tana dariya. Ni ban yi ba, ranar ba ta dariya ba ce. Ta ce a kawo Habsa yanzu a sake.

Da ƙyar na jawo ta. A bakin ƙofa ta kafe, ta ce in yana ciki ba ta shiga. Anka ce ya koma bayan katanga. Ta ce daga can yana ji. Sai da Surajo ya tada moto, babur ɗin nan nashi, munka ji ƙararshi ta ɓace wajen tasha, sannan ta shiga.

Madam ta ɗaura mata salula, ta ce tashi. Wallahi kamin in gyara zama Habsa ta kai layi. Na buɗa baki zan yi guɗa, sai wajen juyowa gwiwarta ta hagu ta ɗan lanƙwashe. Ta cije, ta ƙarasa, ta zamna. Salula ta nuna rawaya.

Na ce, "Rawaya? A sake!"

Madam ta ce, "Ba a sakewa, Inna Lalla, ni ma na gani. Iya, tun yaushe gwiwar nan?"

Habsa ta dubi ƙasa. "Tun damanar bara."

Tun bara, kuma ni ba ta faɗa mini ba! Ni da ba abin da nake ɓoye mata, nawa da na mutane.

Nan take Madam ta yi ma Isaka bokal da bakinta. Ta ce uwarshi ba ta kai a ɗauke ta ba, hawan tudun nan ma shi ke riƙe da ƙafafunta, amma dole ta riƙa sanda, kuma ta komo awo duk wata uku. Kamin azahar ya amsa: ya fasa mota, in dai za ta riƙa sandar.

Kuna tsammani ta gode mini? A hanya ta ce, "Kin ga abin da bakinki ya jawo. Ni da sanda, kamar wata tsohuwa."

Na ce, "Sanda ko Madawa, zaɓi."

Asabar da sassafe ta bi ta ƙofar gidana za ta gona, sandar a kafaɗa kamar hauya, ba ta ko gaishe ni ba.