Aikin Gida a Kasuwar Goronyo

Malam Sa'adu na tsugune a ƙofar gidansa a Wurno yana gyara sarƙar babur wayarsa ta yi ƙara. Hannunsa duk baƙin mai, sai da gwiwar yatsa ya danna ta.

"Kai ka koya ma Zaharaddeen Hillanci?" Muryar dattijo ce, ba sallama ba gaisuwa.

"Ni na. Wa ka magana?"

"Mainasara, uba nai. To ka taho Goronyo ka ga abin da karatunka yaj ja mai. 'Yan sa-kai sun ɗaure shi tun da hantsi. Sun ce infoma na."

Kafin ya ce uffan an kashe wayar. Bai tsaya wanke hannu ba, ya goge a tsumma ya tayar da babur.

Darasin nan ba shi ya ƙirƙiro shi ba. Shekarun baya ne kwalejin horon malamai da yake koyarwa ta shigo da wani sabon fanni, wai shi Harshe da Zaman Tare: kowane ɗalibi sai ya koyi harshen maƙwabta da al'adarsu kafin a ba shi shaidar malanta. An yi taron buɗewa a otal a Sakkwato, an raba jaka da biro, manya sun yi ta jawabi har kumfa na fita. Daga ranar kuwa ba wanda ya sake waiwayar abin. Ɗalibai suka yi tururuwa zuwa Faransanci, don ba a taɓa jin an doki mutum saboda ya gai da wani da Faransanci ba. Ajin Fulatanci, na Malam Sa'adu, benci biyu ya ishe shi har da sarari.

Zaharaddeen ne kullum a bakin bencin gaba. Ɗan Shinaka ne. 'Yan bindiga sun kashe yayansa a gona, gidansu ya kwashe ya koma Goronyo. Ranar da ya shigo ajin Malam Sa'adu ya tambaye shi dalili, don shi kansa ya yi mamaki.

"Na gaji da tsoron maganar da ban ji, Malam," in ji yaron.

Ya kuwa koya. Kai, yaron nan kansa na ja! Kafin shekara ta zagayo yana ba da labari da Fulatanci, har ya gyara wa 'yan ajin. Malam Sa'adu na alfahari da shi fiye da yadda yake nunawa. Shi ya sa da ya ba su aikin gida a ƙarshen mako bai yi wani dogon tunani ba. Ya ce kowa ya je kasuwa ya sami dattijo ko dattijuwar Fulani ya yi gaisuwa cikakkiya: ka tuɓe takalmi, ka tsuguna, ban da kallon ƙwayar ido, ka tambayi kwana da gajiya da mutanen gida da dabbobi kafin ka ambaci ciniki. In an ba ka wani abu ka sa hannu biyu ka karɓa, don mayar da kyauta cin fuska ne.

Yanzu a kan hanya, fadamun shinkafa da tafarnuwa na wucewa dama da hagu, kowace kalma ta wannan umarni sai dawo masa take yi tana sukarsa.

Lahadi ce, kasuwar Goronyo ta cika maƙil. Buhunan albasa jibge, bandar kifin madatsar ruwa na ƙamshi, 'yan kabu-kabu na ta hon. Gindin bishiyar da masu nono ke zama ne kawai wayam, sai wata fasasshiyar ƙwarya da ƙudaje suka rufe. Ofishin 'yan sa-kai wani ɗakin kwano ne a bayan kara, inda ake cinikin dabbobi. Wani dattijo mai furfura na zaune a ƙasa a ƙofar, ya haɗa kai da gwiwa. Malam Sa'adu ya miƙa masa hannu.

Alhaji Mainasara ya dubi hannun, bai karɓa ba.

"Ɗaya sunka kashe min cikin dawa. Na ce wanga shi yi boko shi tsira. Ashe can ma kuna jira nai."

Malam Sa'adu ya sunkuyar da kai ya shiga.

Zafi a ɗakin kamar gidan burodi. Zaharaddeen na zaune a kusurwa, an ɗaure masa hannu ta baya da igiyar awaki, leɓensa a kumbure. Da ya ga malaminsa ya yunƙura zai gaishe shi, wani mai bindigar toka ya danne masa kafaɗa. Shugabansu, Lawwali, na kan benci da rigar layu. Ba wani ƙato ba ne, siriri ne mai jajayen idanu na wanda barci ya daɗe da ƙaurace wa. A gabansa an ajiye ƙaramin ƙoƙo, man shanu a ciki ya narke ya zama ruwa.

"Kai na malamin?" Lawwali ya tura ƙoƙon da ƙafa. "To gaya min. Munka ishe shi tsugune gaban wata Bahillata, ba takalmi, suna ta raɗa. Taɗ ɗauko wanga tab ba shi, ko sisi bai biya ba. Wanga zamani, wa ka ba wani man shanu kyauta? Ladan mi na?"

"Ba lada ba ne, ranka shi daɗe. Al'adarsu ta. In baƙo ya girmama su da harshensu, ba su bari shi tashi hannu sake. Ni nis sa shi, aikin makaranta na."

"Al'ada." Lawwali ya yi wata dariya mara daɗi. "Mu ma mun samu sabuwa. Duk garin da anka ga ɗa nai shina raɗa da su ran kasuwa, ba a daɗewa sai an shigo a kwashe. Da hannuna ga na binne mutanenmu, Malam, ba cikin littafi nik karanta ba. Kai kanka ina ka samo Hillancin? Ko kai ma nasu na?"

"Ni ɗan Rabah na."

Gaskiya ya faɗa. Abin da bai faɗa ba shi ne uwar da ta goya shi 'yar ruga ce daga wajen Tursa, kuma a cinyarta ya koyi harshen. Ya ji kunyar kansa har cikin ƙashi.

Lawwali ya gyara zama. Ya ce maganar ba ta da tsawo. In yaron 'yar gaisuwar littafi ce kawai ya haddace kamar aku, to wauta ce, marin da ya sha ya ishe shi. Amma in har yana jin harshen sosai, to mai kai magana ne, kuma da la'asar za a wuce da shi wurin manyansu a daji. Malam Sa'adu ya san wurin. Waɗanda ake kaiwa can, iyayensu kan daina tambaya bayan ɗan lokaci.

Ya dubi ɗalibin da ya fi kowa a duk shekarun da ya yi yana koyarwa.

"Wanga? Wanga ai daƙiƙi na. Shi na kashin baya ga ajin. Gaisuwar ma da ƙyar nid dura mai ita. In anka wuce ina kwana, to an bar shi a tasha."

"Ka rantse?"

"Wallahi."

Kalmar ta fito da nauyi, amma ta fito. Zaharaddeen ya sa idonsa a ƙasa.

"To mu gani," in ji Lawwali. "Ku shigo da ita."

Ashe Bafulatanar tana ɗakin da ke maƙale da wannan, kwano ɗaya ne tsakani, duk abin da ake faɗa a kunnenta. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, busasshiya, zanenta ya jiƙe da nonon da aka zubar mata. Habi sunanta. Rikici ne ya koro su daga can cikin daji, Hausarta ta ciniki ce, tana ji fiye da yadda take iya mayarwa.

"Yi mai magana da yarenku," Lawwali ya daka mata tsawa. "Ku kuma ku duba min huska tai."

Tsohuwar ba ta ko kalli inda Zaharaddeen yake ba. Ta juya fuska wajen bango, ta ɗaure ta tamau. Malam Sa'adu ya san wannan juya fuskar. Haka matan Fulani ke yi wa ɗan fari, ba su kiran sunansa, ba su kallonsa a gaban mutane, wanda bai sani ba sai ya ce ƙinsa suke yi. Sai ta ɗaga murya, tana karkaɗa yatsa, tana watsa hannu kamar mai tsine wa ɓarawon kaza. Duk wanda ke ɗakin faɗa ya ji. Mutum biyu ne kawai suka ji abin da take cewa da Fulatanci.

"Ɗana, kada ka ɗago kai. Kada ka nuna ka ji ni. Tun da muka baro rugarmu ba wanda ya tsuguna ya tambaye ni yadda na kwana sai kai. Ka tambayi shanuna ma, ba ka san an kwashe su ba. Na ji daɗi, ɗana. Ka tashi ka tafi wurin uwarka, kada ka waiwayo. Ni na riga na ci zamanina."

Ta tofar da yawu a ƙasa.

Idanun 'yan sa-kai duk suna kan yaron. Zaharaddeen ya ɗago a hankali, baki sake, ya dubi wannan ya dubi wancan, ya yi wani murmushin dolaye. Jijiyar wuyansa kaɗai ke harbawa. Malam Sa'adu bai taɓa ganin abin da ya ƙona masa rai kamar murmushin nan ba.

"Mi tac ce?" Lawwali ya tambayi malamin.

"Zagi nai taka yi. Ta ce ya ɓata musu harshe, baki nai kamar na jaki. Wai man shanun ma don shi tashi shi ba ta wuri tab ba shi, shina kore mata masu saye."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Mai bindigar tokar har da dukan cinya. Lawwali ma ya murmusa, ya yi nuni da haɓa, aka sa wuƙa aka yanke igiyar.

"Tashi, jaki. Kuma kai Malam, ka koya musu lissahi ko wani abu mai amfani. In nis sake ganin ɗalibinka tsugune gaban mutanen ga, kai za mu zo ɗauka."

Har Malam Sa'adu ya kai ƙofa, sai ya tsaya. Ya juyo.

"Ita fa, ranka shi daɗe? Ai kun ga ba ta yi komi ba. Tsohuwa ta, nono ta kawo."

Murmushin Lawwali ya ɗauke.

"Sai mun bincika wa ka aiko ta kasuwa. Mutum guda kaz zo ɗauka, an ba ka. Kak ka sa in sake tunani."

Malam Sa'adu ya dubi tsohuwar. Har yanzu bango take kallo. Shi da ya shekara yana koya wa yara yadda ake sallama da dattijai, ya fita bai ce mata ko kalma ɗaya ba.

A waje Alhaji Mainasara ya rungume ɗansa yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana shafa masa kai yana hamdala. Da ya natsu ya ce bari ya nemo ɗan kabu-kabu, yaron ba zai iya takawa gida ba. Ko kallon malamin bai yi ba.

Suka rage su biyu a jikin babur. Kasuwa na ci abinta, wani na ta kiran farashin albasa. Zaharaddeen na murza sawun igiyar da ke wuyan hannunsa.

"Abin da nic ce a ciki, na daƙiƙi..." Malam Sa'adu ya fara.

"Na gane, Malam. Ba shi ad damuwata ba."

Yaron ya juya yana kallon ɗakin kwanon.

"Na ji duk abin da tac ce. Ko kalma guda ba ta wuce ni ba."

"Na sani."

"Kuma nay yi dariya."

"Dole ta sa. Abin da taka so ke nan."

"Awo." Zaharaddeen ya juyo ya dubi malamin. "Su waɗancan za su koma gida su ci tuwo, sun ji tsohuwa ta yi zagi. Baba ma haka zai ji. Da ba ka koya min ba, Malam, da ni ma zagin nij ji, in tahi gida hankali kwance."

Ɗan kabu-kabu ya iso da Alhaji a baya. Zaharaddeen ya hau tsakiya, uban ya riƙe shi gam da hannu biyu, suka kutsa cikin taron kasuwa.

Malam Sa'adu ya daɗe tsaye, makulli a hannu. Gobe Litinin yana da aji da safe, kuma sauran ɗaliban za su zo kowa da labarin gaisuwarsa. Aka kira la'asar. Ya ga an tura wata tsohuwar mota a-kori-kura da baya har bakin ɗakin kwanon, aka buɗe ƙofar gefe za a fito da Habi. Ya juya wa wurin baya, ya ta da babur.