Maryam Biyu, Kujera Ɗaya

A wani ƙauye kusa da Zakirai akwai gidan Malam Badaru, babban gida mai sassa huɗu. Ba su rasa gero a rumbu ba, gyaɗa ma sukan samu har su kai kasuwa. Abin da yaran gidan suka rasa shi ne ganin birni. Kano ba nisa gare ta ba, amma yaro ba ya zuwa sai in ciwo ne ya kai shi asibiti.

Cikin jikokin gidan akwai 'yan mata biyu, 'ya'yan wa da ƙani, duk an sa musu sunan kakarsu marigayiya Maryam. Da yake ba mai iya kama sunan uwa a gidan, sai ake kiran ɗaya Ummi, ɗayar kuma Nana. A rajistar makaranta kuwa dukansu Maryam Badaru ne, aji ɗaya, benci ɗaya.

A zangon nan aka sa gasar rubutun insha'i a makarantun yankin, waɗanda suka ci za a kai su yawon buɗe ido birni. Ranar da takardar sakamako ta zo Nana tana gida, zazzaɓi ya kwantar da ita. Sabon hedimasta, Malam Kamaruddeen, bai gama sanin yara ba. Ya leƙo aji ya ce, "Wace ce Maryam Badaru?" Ummi ta ɗaga hannu, don ai ba ƙarya ta yi ba.

A hanyar gida ta buɗe takardar da ya ba ta. Ƙarƙashin sunan an rubuta kan insha'in da ya ci: Kaɗin Kakata. Ita kuwa Ummi rabin shafi ta yi a kan ranar kasuwa. Da ta zo karanta wa babanta takardar a zaure, sai ta tsallake wannan layin.

"Ke ɗin?" in ji Nana daga kan tabarma da labarin ya iso mata, tana dariya cikin rawar sanyi. "Lallai masu makin nan yunwa suke ji. To ki kalle min komai da kyau, ki dawo ki ba ni labari."

Ranar Asabar da hantsi motarsu ta shiga Kano, yara goma sha biyu da Malama Raudatu daga ofishin ilimi. Yara suka yi ta nuna gadoji da dogayen benaye. Ummi ma ta fara nunawa, har ta juya za ta taɓa Nana, sai ta ga wata yarinya ce a gefenta, Firdausi 'yar Zakirai. Ta mai da hannunta cikin hijabi.

Gidan tarihi suka fara zuwa. Wani dattijo mai fara'a ya bi da su ɗaki ɗaki, yana nuna musu tsofaffin tukwane da sulke da kayan saƙa. Da suka zo wurin kayan aikin mata, Malama Raudatu ta ce, "Baba, yau mun zo maka da gwana. Maryam, matso. Ita ce ta rubuta yadda kakarta take kaɗin auduga. Da na karanta sai da na yi hawaye."

"Madalla!" in ji dattijon. Ya ciro wani mazari da yake nuna wa baƙi, da ɗan curin auduga. "Ni shekara ashirin ina bayani da baki. Nuna musu da hannu, Hajiya ƙarama."

Ummi ta karɓa. Ta sha ganin kakarsu tana murza shi, amma daga nesa, don ita tana jin an kira ta riƙe auduga take zillewa wajen 'yar gala-gala. Nana ce mai zama. Ummi ta murza, mazarin ya karkace. Ta sake murzawa, audugar ta tsinke, mazarin ya gangara ƙarƙashin tebur.

"Gwana ta ci ƙasa," in ji Firdausi. "Ko dai kakar maƙwabta ce?"

Yara suka kwashe da dariya. Malama Raudatu ta tsawatar, ta dafa kafaɗar Ummi. "Rabu da su, 'yata. Hannu kan manta a gaban jama'a. Wanda ya yi wannan rubutu ya san abin da ya gani."

Da zagi ta yi mata da ya fi sauƙi. Tun daga nan Ummi ta sunkuyar da kai.

Suka taka a ƙasa cikin lungunan birni, Malama tana gaba tana faɗin sunan kowace unguwa. A marinar Ƙofar Mata wani marini ya ciro ƙyalle daga rami, yara suka yi ta ihu yadda launinsa yake sauyawa a iska. Ummi tana baya, tana ƙirga sau nawa aka kira ta Maryam tun safe ta amsa. Bayan azahar aka zaunar da su a rumfar wata mai gurasa. Aka yayyafa ruwa, aka barbaɗa ƙuli da yaji, aka zuba mai da albasa. Ummi ta kai loma ɗaya kawai. Ta roƙi leda ta ƙulle sauran.

"Ba ki da lafiya ne?" in ji Malama.

Ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya. Sai ta hango kanta a gaban hedimasta, da babanta a zaure. Ta ce, "Mota ce ta juya min ciki."

Kafin magariba aka sauke ta a bakin hanya. Ta tarar da Nana ta ɗan warware, tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ummi ta ajiye ledar a gabanta, ta durƙusa, ta ciro takardar ta nuna mata layin da ta tsallake.

Nana ta karanta sau biyu. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗa har sai da ta gama abin da ke cinyarta. Ummi ta so a ce Nana ta zage ta, ko ta kai ƙararta wurin iyayensu.

"Na ji," in ji Nana a ƙarshe. "Ya wuce, ba za a sake kai ni ba. To ba ni abina. Gidan tarihin nan, rufinsa irin namu ne ko daban?"

Ummi ta kai idonta ƙasa.

"Marinar fa? An ce ƙyalle kore yake fitowa kafin ya koma shuɗi. Gaskiya ne?"

"Na ji suna ihu."

"Dutsen Dala?"

"An nuna shi, ina jin."

Nana ta dube ta sosai. "Ummi, wuni guda. Me kika gani?"

"Takalman mutane."

Nana ta tura ledar gefe, ta ɗauki ƙwaryar gyaɗarta ta shige ɗaki.

Ummi ta zauna ita kaɗai a tabarma. A nan ta gane cewa wunin da ta ƙwace wa Nana, ita ma ba ta same shi ba, kuma ba ta da abin da za ta mayar mata.